Magungunan Ɗaukewar Haila da Aikinsu Cikin Mama: Bayani da Shawara a kan Kalmomi, daga Birnin Zariya

1. Gabatarwa

Maƙasudin wannan 'yar takarda abu biyu ne. Na farko, a bayyana da Hausa abin da masana ilmin jiki suka gano game da yadda mama ke ƙera sinadarin mata da kansa bayan mace ta daina haila, da kuma yadda saiwoyi da ganyaye da ƙwayoyin tsiro ke iya shiga cikin wannan aiki. Na biyu, a duba kalmomin da muke da su na faɗin waɗannan al'amura, a ga inda suka wadatar da inda suke ɓad da mai sauraro.

Aikina nazarin harshe ne, ba likitanci ba, saboda haka abin da ke nan na ilmin jiki na ɗebo shi ne daga abin da masu wannan fanni suka tabbatar. Amma malaman kwalejojin horon malamai su ne ke koyar da kiwon lafiya ga waɗanda za su koma unguwanni su koyar da Hausa, kuma in kalma ta karkace a aji, haka za ta isa cikin gida a karkace. Lamarin kuwa ba na wasa ba ne. Sankarar mama ita ce sankarar da ta fi kama mata a Nijeriya. Bisa ƙididdigar cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2020 mata fiye da 28,000 suka kamu da ita a ƙasar nan, fiye da 14,000 kuma suka rasu a dalilinta. Da yawa ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci jiki. Na ɗauki misalaina daga birnin Zariya, watau cikin ganuwa, domin a nan tsohon ilmin magani da sabo suke zaune kusa da juna: ga masu saiwa a kasuwar birni, ga Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika.

2. Kalmomin da muke da su

Kalmar haila daga Larabci muka aro ta, ta shigo ta hanyar littattafan fiƙihu irin su Risala da Muhtasar, waɗanda har yau ake karanta su a zaurukan malamai na Unguwar Juma da Kona. Mata a tsakaninsu sun fi cewa al'ada, ko fashin salla, ko baƙon wata, gama kunya ta hana a kira abin da sunansa. Ƙarewar haila kuwa da jimla ake faɗinta: ta daina al'ada, jini ya ɗauke mata, ta wuce haihuwa. Larabawa suna cewa shekarun ɗebe tsammani. Kalmar da Turawa ke amfani da ita wani likitan Faransa ne, de Gardanne, ya ƙera ta a 1821 daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin wata da tsayawa. Ni dai na zaɓi ɗaukewar haila, domin da wannan aikatau muke faɗin ƙarshen damina. Ruwa ba ya ɗaukewa rana ɗaya. Yakan yi tsalle, ya yi jinkiri, ya dawo da yayyafi, sa'an nan ya tafi. Haka haila take yi cikin 'yan shekarun ƙarshe. Likitoci ba sa cewa ta ɗauke sai an yi wata 12 a jere ba a ga jini ba, kuma galibi wannan yakan auku tsakanin shekara 45 da 55.

Akwai kalmomi huɗu da ke bukatar lura. Ta farko ita ce nono. Nono gaɓa ce ta jiki, nono ne abin da jariri ke sha, nono ne kuma abin da 'yar Fulani ke sayarwa a ƙwarya. In aka ce maganin nono, ana iya nufin mai kawo ruwa ga mai jego, ko mai warkar da kumburi, ko mai tsai da mama. Shawarata ita ce a aji a riƙa cewa mama ga gaɓar, a bar nono ga abin sha.

Ta biyu ita ce zafi. Abin da ya fi damun mata a wannan lokaci shi ne wani ɗumi da ke tasowa daga ƙirji zuwa fuska farat ɗaya, da gumi, musamman da dare. Mace takan ce zafi ke damunta. To, amma zafi a bakin Bahaushe yana nufin ɗumi, yana nufin raɗaɗi, yana kuma nufin wani rukunin cuta da ake yi wa maganin wanke ciki. Sai a ba ta abin da zai sa ta gudawa, alhali matsalarta ba a hanji take ba. Da za a riƙa cewa tasowar zafi, da an rage wannan ruɗani.

Ta uku ita ce daji. Ciwon daji suna ne da ke jan hankali zuwa jeji, mazaunin iskoki, kuma camfi ya bazu cewa daji ba ya son allura ko wuƙa. Kalmar sankara ba ta ɗauke da wannan kaya, saboda haka ita ta fi dacewa da aji.

Ta huɗu ita ce sinadari, wadda ta yi faɗi ƙwarai, har ana faɗinta ga takin zamani da kayan miya. Abin da muke magana a kansa shi ne homon. Ernest Starling ne ya fara amfani da wannan kalma a Landan a 1905, daga wani aikatau na Girkanci mai ma'anar zaburarwa. Homon ɗan aike ne: wata gaɓa ke ƙera shi, ya tafi ya gaya wa wata gaɓa abin da za ta yi. Gara mu ari kalmar yadda take, mu fassara ta da ɗan aike sa'ad da muke bayani.

3. Masu magani da kayansu

Macen da zafi ya taso mata, ko barci ya ƙaurace mata, ko gaɓoɓi suka dame ta, tana da wuraren zuwa da yawa cikin birni. Akwai 'yar mai ganye da ke shiga gida gida, akwai ungozoma, akwai magori da ke baza kayansa ranar kasuwa, akwai masu kayan mata, akwai kuma shagunan da ake kira na magungunan Musulunci, waɗanda suka yawaita cikin 'yan shekarun nan. Yadda ake haɗa maganin ma yana da sunayensa: jiƙo, da tsimi, da gari da ake sha a kunu ko nono, da sassaƙe da ake dafawa, da surace.

Kayan da ke hannun waɗannan mutane sun kasu gida uku. Akwai na ƙasa, irin su sabara da marke da hano da zoɓo da riɗi. Akwai waɗanda fatauci ya kawo tun da daɗewa har suka zama namu, irin su hulba da habbatus sauda da kanumfari. Akwai kuma na kwalba da ake shigowa da su daga Turai da Asiya, masu ɗauke da tatattun sinadaran waken suya ko na wasu tsire-tsiren da ba sa fitowa a ƙasarmu.

A nan ma harshe yana da abin faɗi. Tun a 1916 J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsire-tsire na Hausa cikin wani ƙaramin ƙamus, ya faɗaɗa aikin a babban littafinsa na 1937, har masana suka sa sunansa cikin sunan Latin na itacen hano, Boswellia dalzielii. Wanda ya duba aikinsa zai ga sau da yawa suna ɗaya yana rufe tsiro fiye da ɗaya, tsiro ɗaya kuma yana da suna a Zazzau, yana da wani a Sakkwato. Gaɗali misali ne: sunan tarin tsire-tsire ne masu albasa a ƙasa, ba na guda ɗaya ba. Saboda haka in mata biyu suka ce sun sha magani iri ɗaya, ba lalle ne abu ɗaya ya shiga cikinsu ba. Ko da tsiron ɗaya ne, ƙarfinsa yakan bambanta bisa ga ƙasar da ya fito, da lokacin da aka ɗebe shi, da yadda aka shanya shi, da yawan ruwan da aka jiƙa shi.

4. Abin da ke faruwa cikin mama

Muddin mace tana haila, mafi yawan homon ɗin mata, wanda ake kira istirojin, daga gidan ƙwai yake fitowa, watau 'yan gaɓoɓin nan biyu da ke gefen mahaifa. Jini ke ɗaukarsa ya kai shi mahaifa da ƙashi da ƙwaƙwalwa da mama. In ya isa, sai ya tarar da makarɓa a cikin ƙwayoyin halitta, ya shiga kamar yadda mabuɗi ke shiga kwaɗo. A mama, saƙon da yake kaiwa shi ne ƙwayoyin halitta su rabu su ƙaru. Elwood Jensen ne ya gano wannan makarɓa a Amurka a 1958, a 1996 kuma aka gano makarɓa ta biyu a Suwidin. Ta farko, alfa, ita ce ke iza girma a mama; ta biyu, beta, sau da yawa takan rage kaifin ta farko.

Dangantakar wannan homon da sankarar mama tsohon sani ne. A 1896 wani likitan fiɗa a Gilasgo, George Beatson, ya ba da labarin cewa ya cire gidan ƙwan wata mace mai sankarar mama, sai ƙarin ya ragu. Daga baya aka gane dalili: sankarar mama iri iri ce, kuma wani babban kashi nata yana ɗauke da makarɓar istirojin, da shi yake girma. A Turai da Amurka wannan iri ya kai kusan kashi 70 cikin 100.

To, in haka ne, don me mace da gidan ƙwanta ya daina aiki take iya kamuwa da irin wannan sankara? Amsar ita ce jiki bai daina ƙera istirojin ba, wurin ƙerawa ne ya sauya. Mutanen da suka gina ganuwar Zariya sun kewaye fili mai yawa fiye da na gidaje, domin in an tare hanyoyin shigowa da abinci a iya noma daga ciki. Haka mama yake yi. Wasu 'yan gaɓoɓi biyu da ke bisa ƙoda, adirinal, suna ci gaba da zuba wa jini wani homon dangin na maza, mai suna andirostindayon. In ya isa inda kitse yake, sai ya gamu da wani inzayim, watau sinadarin da ke juya wani abu ya koma wani ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Sunan wannan inzayim aromatas, kuma aikinsa shi ne mai da homon dangin na maza ya koma istirojin. Mama kuwa, bayan ɗaukewar haila, mafi yawansa kitse ne.

Akwai hanya ta biyu. Jini yana ɗauke da istirojin mai yawa a ɗaure, wanda ba ya aiki, kamar hatsi a rumbu. Wani inzayim, salfatas, shi ke kwance shi cikin mama. Abin da ke fitowa daga waɗannan hanyoyi galibi istiron ne, mai rauni. Sai inzayim na uku ya mai da shi istiradayol, wanda ya fi duka ƙarfi. Saboda haka ne aka auna aka tarar istiradayol ɗin da ke cikin ƙarin mama na matan da suka daina haila ya ninka na cikin jininsu sau da dama. Awon jini kaɗai ba ya nuna abin da ke gudana cikin mama.

Daga nan abu biyu suka fito. Na ɗaya, ƙiba bayan ɗaukewar haila tana ƙara haɗarin sankarar mama, gama yawan kitse yawan aromatas ne. Wannan ya shafe mu, domin a wurinmu ƙiba alamar hutu ce, har wasu na shan hulba ko ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe don su cika. Na biyu, a kan wannan sani aka gina magungunan asibiti. Tamoksifen, wanda aka amince a riƙa ba masu sankarar mama a Ingila a 1973, yana toshe makarɓa. Anastirozol da letirozol, waɗanda suka fito cikin shekarun 1990, suna tsai da aromatas, kuma matan da gidan ƙwansu ya daina aiki ake ba.

5. Inda tsiro ke shiga

Cikin shekarun 1940 makiyaya a yammacin Ostireliya suka ga tumakinsu sun daina haihuwa. Da aka bincika, sai aka tarar wata ciyawa ce da suke kiwo a kanta, kuloba, take ɗauke da sinadarai masu kama da istirojin. Daga nan aka buɗe binciken abin da za mu kira istirojin na tsiro. Manyan danginsa biyu ne: isofilabon, wanda ya fi yawa a waken suya da kuloba, da lignan, wanda ke cikin riɗi da wasu ƙwayoyin hatsi. Dukansu suna cikin abincinmu. Waken suya ya zama na gida a Zazzau, har Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da irinsa mai suna Samsoy, kuma babu unguwar da ba a suyar awara da yamma.

Tsiro yana iya taɓa aikin homon a wuri uku. Wuri na farko shi ne makarɓa. Jenistin, babban isofilabon na waken suya, yana shiga makarɓar istirojin, amma ƙarfinsa bai kusa na istiradayol ba, kuma ya fi son beta a kan alfa. Kama da wane ba ta wane. Amma da yake yana iya zama cikin kwaɗo, aikinsa ya dogara ga halin da ya tarar: inda istirojin ya yi yawa yana iya tare masa gurbi, inda ya yi ƙaranci yana iya yin ɗan abin da istirojin ke yi. A gwajin da aka yi da ƙwayoyin sankarar mama da ake renonsu cikin kwanon gilashi, kaɗan na jenistin ya sa sun ƙaru, mai yawa ƙwarai kuma ya hana su.

Wuri na biyu shi ne inzayim ɗin nan uku. A cikin kwano an ga sinadaran tsiro da dama suna rage aikin aromatas ko na inzayim mai ƙarfafa istiron, cikinsu har da abin da hanji ke samarwa daga lignan. A 2007 masu bincike a Landan suka nuna cewa ruwan saiwar kohosh, wani tsiron Amurka ta Arewa mai suna Actaea racemosa a Latin, wanda Turawa ke sha don tasowar zafi, ya rage ƙerar istiradayol daga ɗaurarren istirojin cikin irin waɗannan ƙwayoyi. Sai dai yawan sinadarin da ake zubawa a kwano sau da yawa ya wuce abin da ke isa mama ta hanyar ci ko sha.

Dalilin haka shi ne wuri na uku, watau hanji da hanta. Abin da aka haɗiya ba ya isa mama yadda aka haɗiye shi. Hanji da hanta suna ɗaure mafi yawan isofilabon kafin ya zaga jiki. Ƙwayoyin bakteriya na hanji kuma suna juya wani isofilabon, daidizin, ya koma ikwal, wanda ya fi shi ƙarfi, amma ba kowa ke da irin waɗannan bakteriya ba: a Turai kusan mutum ɗaya cikin uku ne, a gabashin Asiya kusan rabi. Saboda haka mata biyu za su ci awara daga kasko ɗaya, jikinsu ya karɓe ta daban. Har wa yau, hanta ce ke narkar da magungunan asibiti, kuma akwai tsire-tsiren da ke hanzarta wannan aiki nata ko su rage shi, sai ƙarfin magani ya ragu ko ya wuce kima.

Ya kamata a ce wani abu game da hulba, tun da ita ce ta fi shahara a shagunan birni. Tana ɗauke da wani sinadari, dayosjenin, wanda kuma ke cikin wasu doyoyin daji. Cikin shekarun 1940 Russell Marker ya sarrafa dayosjenin na doyar Meksiko ya mai da shi homon a ɗakin gwaji, kuma daga nan masu talla suka samo zancen cewa hulba ko doya tana zama homon a jiki. Jikin ɗan Adam ba shi da inzayim ɗin da zai yi wannan juyi. Abin da aka gani a kwano shi ne ruwan hulba yana iya motsa makarɓar istirojin, kuma wannan dalilin yin hattara ne ga mai sankarar da ke girma da istirojin.

6. Abin da aka gani ga mata

Shaida a wannan fanni hawa uku ce: kwano, da dabba, da mace. Wajibi ne malami ya riƙa tambaya a wane hawa aka sami abin da ake faɗi, gama sau da yawa ba sa daidaita. A Amurka an nuna a 2002 cewa jenistin ya ɓata aikin tamoksifen a jikin ɓeraye, daga baya aka ga haka game da letirozol. Amma a 2009 aka buga sakamakon bin diddigin mata 5,042 masu sankarar mama a birnin Shanghai na ƙasar Sin, aka tarar waɗanda suka fi cin abincin waken suya su ne suka fi ƙarancin mutuwa da dawowar ciwo, har da masu shan tamoksifen. Wani ɓangare na bayanin shi ne ɓera ba ya ɗaure isofilabon kamar yadda mutum ke yi. A lura kuma, abinci waɗannan mata suka ci, ba tataccen sinadari na kwalba ba.

Kasuwar waɗannan kwalabe ta bunƙasa ne bayan watan Yuli na 2002, sa'ad da aka tsai da wani babban gwaji a Amurka, mai mata fiye da 16,000, domin an ga haɗin homon biyu da ake ba su ya ɗan ƙara sankarar mama. Mata da yawa suka guji maganin asibiti suka koma ga na tsiro, bisa zaton ba shi da illa. Shin yana rage tasowar zafi? Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwaje ta auna su, ta duba kohosh a 2012 ta ce shaidar ba ta isa ba. Ta duba istirojin na tsiro a 2013 ta ce babu tabbataccen amfani, ko da yake tataccen jenistin ya cancanci ƙarin gwaji. Game da illa kuwa, hukumar magunguna ta Turai ta yi gargaɗi a 2006 cewa an sami ciwon hanta ga wasu masu shan kohosh. A 2015 hukumar kula da abinci ta Turai ta ce ba ta ga alamar cutarwa ga mama ba daga ƙwayoyin isofilabon, a gwargwadon da aka gwada, amma hukuncin nata bai haɗa da matan da suka taɓa yin sankarar mama ba.

A ƙasarmu hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke ba magungunan gargajiya na kwalba lamba. Wannan lamba shaida ce cewa an duba maganin ta fuskar guba da tsabta, kuma a jikin kwalbar akan rubuta cewa hukumar ba ta tantance abin da mai maganin ya ce yana warkarwa ba. Jiƙo da tsimi na kasuwa kuwa ba sa bi ta wannan ƙofa.

7. Darasin jego, da shawara ga malamai

Zariya ta taɓa ba duniya darasi kan irin wannan lamari. Al'adun haihuwa da jego da Baba ta Karo ta bayyana wa Mary Smith a 1949 da 1950 al'adu ne na kulawa, kuma iyaye mata suna yin su ne don ƙaunar 'ya'yansu. Amma cikin shekarun 1970 likitoci biyu na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka nuna cewa ciwon zuciya bayan haihuwa ya yi yawa ƙwarai a Zariya, suka danganta shi da yawan kunun kanwa, da wankan ruwan zafi, da kwanciya bisa gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Kanwa ba guba ba ce. Yawanta da halin da ta tarar da jiki su ne suka kawo cuta. Maganin gargajiya yana aiki a jiki, kuma abin da ke aiki yana iya wuce gona da iri.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya dace malami ya koyar. Awara da riɗi da zoɓo abinci ne, kuma babu dalilin hana mace cinsu bisa al'ada. Tataccen sinadari na kwalba da haɗin da ba a san abin da ke cikinsa ba, hukuncinsu daban ne. Macen da ta taɓa yin sankarar mama, ko take shan tamoksifen ko letirozol ko anastirozol, kada ta sha wani haɗi sai ta nuna wa likitanta, ta kuma kai masa shi kansa maganin, domin suna kaɗai ba ya isa. Ƙullutu a mama, ko ruwa mai jini daga kan mama, ko fata ta lotsa, abin kai wa asibiti ne nan da nan, ko da ba ya zafi.

Akwai wani wuri da fiƙihu da likitanci suka haɗu. Malaman Malikiyya sun ce jinin da ya zo wa mace tsakanin shekara 50 da 70 a tambayi mata ko haila ce, bayan 70 kuwa ba haila ba ce. Wannan hukuncin salla da azumi ne. Ta fuskar lafiya, duk jinin da ya dawo bayan an yi wata 12 da ɗaukewa abin dubawa ne a asibiti, gama yana iya zama alamar ciwo a mahaifa. In mace ta sha wani haɗi jini ya dawo, kada a yi mata barka a ce magani ya karɓe ta.

Saura hanyar isar da saƙo. Ɗa ba zai zauna gaban Inna ya yi zancen haila ba, balle ɗan fari, kuma ba daidai ba ne a tilasta masa. Amma jika tana iya faɗa wa kakarta abin da 'ya ba ta iya faɗa wa uwa, saboda wasan da ke tsakaninsu, Gwaggo kuma tana jin maganar 'yar ɗan'uwanta mai karatu. Ɗalibai mata na kwalejojinmu su ne za su ɗauki wannan bayani zuwa cikin gidaje, tare da malamai mata na makarantun Islamiyya da ungozomomi. Abin da ya rage mana mu masu nazarin Hausa shi ne mu zauna da abokan aikinmu na Tsangayar Harhaɗa Magunguna da masu adana tsire-tsire na jami'a, mu daidaita sunan kowane tsiro da ainihinsa, mu kuma tsai da kalmomin da za a riƙa koyarwa da su. Waɗanda na kawo a nan, watau ɗaukewar haila, da tasowar zafi, da makarɓa, da ɗan aike, da istirojin na tsiro, shawara ce, kuma ina roƙon malaman da suka gwada su a aji su aiko wa wannan sashe da gyaransu.